Littafin tukunya: mako takwas ina koyon dafa giyar dawa

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na soma. Burina giya mai ƙarfi da dawa zalla, ba sukari, ba garin rogo, ba ogogoron da wasu ke tsiyayawa cikin burkutu don ta yi saurin kama mutum. Ina son ƙarfinta ya kai kashi 8 cikin ɗari, ta kuma yi garau, ta yi sati biyu ba ta zama ruwan tsami ba. Burkutun kasuwa tsakanin kashi 3 zuwa 6 take tsayawa, kwana biyu kuma ta juya.

A ƙauyenmu na kudancin Katsina, kakanninmu Maguzawa ne kafin su shiga coci, kuma ba a kiran gayyar noma babu giya a gindin bishiya. Goggo, yayar babana, ita ce mai dafawa. Ina yaro aikina kawo itace da lashe ludayi tun ruwan yana da zaƙi. Ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yi ba, tun da aikin mata ne. Yanzu ga ni ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Bukuru, na kalli bidiyon Turawa a YouTube har na haddace, sai dai su da sha'ir suke yi. Ban damu ba. Tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giyar ƙasar nan suka koma kan dawa da masara, don haka dawa za ta yi.

Sayayyar yau: jar dawa mudu 5, naira 1,100 kowane, 5,500. Ma'aunin zafi 3,500. Jarka mai cin lita 25, naira 3,000. Tiyo siriri 500. Ruwan aidin daga kemis 700. Ma'aunin sukarin ruwa wani abokina ya aiko mini daga Legas, 9,000 har da kuɗin mota. Tukunyar biki ta uwargida ce, ta ba ni aro da sharaɗin kada ƙungiyar zumuntar mata su ji labari.

Na jiƙa dawar da yamma.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na tsane bayan awa 24. Na baza a kan buhu a ɗakin ajiya, na rufe da leda saboda sanyi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Asara ta farko. Tun jiya nake jin wani wari idan na wuce ƙofar ɗakin, ina cewa ƙila haka tsiro yake. Da na ɗaga ledar yau, ruwa ya taru a cikinta yana ɗiga, dawar ta yi yauƙi, fumfuna fara da toka-toka ta mamaye gefe guda kamar an yayyafa auduga. Na ɗebo da hannu na duba ƙwaya-ƙwaya. Wadda ta huda ba ta kai rabi ba, sauran sun kumbura kawai sun ruɓe, da yawa kuma akwai ramin ƙwaro a jikinsu wanda ban lura da shi ba a kasuwa.

Laifi biyu nawa ne. Na bar ta cikin ruwa yini da kwana ba ta sha iska ba, alhali ƙwaya rayayya ce, tana numfashi. Sannan leda ta toshe ta gaba ɗaya. Na uku kuwa na mai hatsin ne, tsohuwar ajiya ya auna mini. Uwargida ta ce a ba kaji, na hana. Hatsin da ya yi fumfuna ba na kaji ba ne, ba na kowa ba ne. Na haƙa rami bayan gida na binne naira 5,500.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Wannan karon ba zan sayi komai da ido ba. Na zagaya wajen masu hatsi uku, na roƙi cikin tafi ɗaya-ɗaya. Na ƙirga ƙwaya ɗari daga kowane, na shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti uku. Aikin da nake sa 'yan aji ɗaya su yi da wake ke nan, ni ban yi wa kaina ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Faranti na farko 58, na biyu 74, na uku 93. Na koma wajen na ukun, wani dattijo mai sabuwar dawa, na sayi mudu 11 a kan 1,200, wato 13,200. A sikelin makaranta ta ba ni kilo 14. Ya tambaye ni ko biki za a yi, na ce kusan haka.

Alhamis da Juma'a, 14 da 15 ga Nuwamba

Na wanke sau uku, na kwashe duk abin da ya taso sama. Jiƙo awa takwas, tsanewa awa huɗu, na sake jiƙawa da sabon ruwa, haka har zagaye uku. Da daren Juma'a kowace ƙwaya ta fito da ɗan farin baki.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na baza a kan tabarma, kaurin yatsa huɗu, na rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara. Yayyafi safe da yamma.

Talata, 19 ga Nuwamba

Yanzu na san ƙamshin tsiro na gaskiya. Kamar an yanka kokwamba ne a ɗakin. Saiwoyi sun sarƙe da juna har sai na sa yatsu na warware su a hankali, in ba haka ba duk ta dunƙule ta zama tabarma ta biyu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ɗumi. Ɗakin yana kan digiri 19, amma da na cusa ma'auni cikin tarin sai ya nuna 31. Na rage kaurin, na riƙa juyawa sau uku a rana. Gefen da ke kusa da taga ya yi baya, hunturu na busar da shi kafin ya sha ruwa, sai na toshe tagar da kwali.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kwana biyar. Hudar ta kai tsawon gaɓar yatsa. Na tauna ƙwaya ɗaya, ta yi laushi, da ɗan zaƙi. Na fitar rana.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Hunturun da ya wahalar da ni wajen tsiro shi ya biya ni wajen shanya. Kwana uku ta bushe ƙarau, tana ƙara a haƙori. Yaƙin da na yi da kajin maƙwabta ne kawai, har na ɗauki ƙaramin ɗana aikin gadi a kan biskit.

Bayan coci muka zauna murza. Ana goga ta a kan rariya har saiwa da huda su kakkarye, sannan a bakace da faifai. Wannan aikin ba na ado ba ne. Tsiron dawa yana ɗauke da wani sinadari mai suna durin, wanda ke sakin gubar sayanaid, kuma a huda da saiwa ya fi taruwa. Shi ne dalilin da ya sa manomi ba ya barin akuyarsa ta shiga gyauron dawa. Murza da bakace suna raba ka da mafi yawansa, tafasa mai tsawo ta kori saura. Ƙaiƙayin da ya fita na ƙone shi.

Kilo 14 ya koma 11. Uku sun tafi a saiwa da numfashin ƙwaya.

Matar maƙwabcinmu Alhaji ta leƙo ta ga tsiro a faifai, ta roƙi kofi biyu za ta dama kunun zaƙi. Na ba ta daga abin da ya zube a gefe. Tsiron ɗaya ne, aikin da yake yi wa kunu shi yake yi wa giya, daga wajen sa yis ne hanya ta rabu. Ta san abin da nake shirin yi, ta ce, “Malam, Allah ya shirya,” muka yi dariya.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Dahuwar farko, kuma haƙa ba ta cim ma ruwa ba.

Na kai kilo 5 inji, na ce a ɓarza kada a niƙe lilis. Naira 600. Itace 4,000. Kafin na fara na gwada ma'aunin zafi a tafasasshen ruwa, ya tsaya a 96. Na ɗauka an sayar mini da jabu, har na fara sababi, sai na tuna inda nake. Tudun Jos ya haura mita 1,200, ruwa ba ya kai 100 a nan. Malamin kimiyya ke nan.

Na bi yadda Turawa ke yi sak: ruwa da gari su haɗu a digiri 66, a rufe awa ɗaya. Na naɗe tukunyar da bargo biyu. Bayan awa ɗaya na ɗiga ruwan a farin faranti na sa aidin, ya yi baƙi ƙirin, alamar sitaci na nan bai koma sukari ba. Na ƙara awa ɗaya. Baƙi. Na ƙara wuta zuwa 72, na jira rabin awa. Ya ɗan koma shuɗi mai duhu, shi ke nan. Na ɗanɗana, zaƙin bai fi na ruwan tsari ba.

Tacewa kuma wata azaba ce. Sha'ir yana da ɓawon da ke zama masa mataci, dawa ba ta da shi, sai ta toshe ƙyalle kamar laka. Awa biyu ina matsa buhun gari da hannu har yatsuna suka yi fari. Na tafasa awa ɗaya, na huce, na auna: lita 18, ma'aunin sukari ya nuna 1.028. Wanda ke neman kashi 8 yana bukatar wajen 1.075. Na sa yis ɗin burodi duk da haka, tun da an riga an yi ɓarnar.

Talata, 3 ga Disamba

Ta sauka zuwa 1.010. Idan ka cire wannan daga 1.028 ka ninka da 131, ka samu ƙarfin giyar, kusan kashi 2 da rabi. Ruwa-ruwa, da ɗan tsami. Wani abokin aikina ya kurɓa ya ce kunun da ya kwana ne.

Da dare na kira Goggo. Na yi mata bayanin digiri da awa, tana saurare shiru. Da na gama sai ta ce, “To ɗan nan, ruwan saman fa, ina ka ajiye shi?” Na ce wane ruwan sama? Dariyar da ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce dama za ta zo ganin likitan ido, in bar sauran tsiron kada in taɓa.

Na kwana ina juya maganar, kafin asuba na gane. Sitacin sha'ir yana narkewa a zafin da sinadaran tsiro ke aiki, shi ya sa Bature ke haɗa komai a tukunya ɗaya. Na dawa kuwa sai an haura 70 sosai yake buɗewa, a nan kuma sinadaran da ke mayar da shi sukari sun fara mutuwa. A 66 sitacina na kulle. A 72 na kashe ma'aikatan.

Juma'a, 6 ga Disamba

Goggo ta iso. Kafin ta sha ruwa ta ce a kawo tsiron. Ta tauna, ta shinshina, ta ce, “Wannan kam ka yi.” Ɓarzar kilo 6, naira 700. Itace 5,000.

Asabar, 7 ga Disamba

Tun ƙarfe shida ta sa na zuba garin a ruwan sanyi, lita 22, na dama da muciya, muka bar shi. Wajen ƙarfe tara gari ya kwanta, ruwa ja-ja garau ya tsaya a sama. Ta karɓi ƙwarya ta riƙa kwasa a hankali, gefen ƙwaryar kawai ke taɓa ruwan, ba ta yarda ƙasan ya motsa ba. Lita 10 ta cire, aka rufe a bokiti aka kai inuwa. A cikin wannan ruwan sinadaran suke, an raba su da wuta.

Sauran muka ɗora a murhu. Nan na san abin da matan ƙauyenmu ke sha. Yana ɗaukar zafi ya fara kauri, daga kunu ya zama talge, daga talge ya doshi tuwo, yana tsalle yana fantsama a hannu. In ka tsaya da muciya minti ɗaya ya kama. Minti arba'in ina tuƙi, hayaƙi a ido, Goggo na zaune a kujera 'yar tsugune tana cewa, “Ƙasa, ɗan nan, ƙasan tukunya. Kai saman kake shafawa.”

Aka janye wuta. Ta bar shi ya ɗan sarara, sannan ta ce in juye ruwan bokitin duka a lokaci ɗaya ina juyawa da sauri. Na roƙe ta ta bari in auna tukuna, ta ce in auna bayan na zuba. Na zuba. Na tsoma ma'auni: 63. Ita ko kallon gilashin ba ta yi ba, ɗan yatsa ta tsoma ta cire, ta ce ya yi.

Abin da ya biyo baya shi zan daɗe ina tunawa. Muciyar da nake ja da hannu biyu ta fara sauƙi. Cikin minti goma abin da ke tsayawa kamar tuwo ya saki, ya tsinke, ya koma ruwa yana zuba daga ludayi. Na sha koyar da yadda sinadarin amiles ke yanka sitaci, na zana a allo ba adadi, amma ban taɓa jin sa a damtsena ba sai yau. Muka rufe da bargo awa biyu. Aidin ya ba da ja mai duhu, ba baƙi ba. Na ɗanɗana, zaƙi har maƙogwaro. Yara suka sha kofi-kofi bayan an tafasa musu nasu.

Tacewa ta fi ta wancan satin sauƙi, amma ba sosai ba. Na ɗauraye dusar da ruwan zafi lita 8. Jimla lita 26 a kan 1.040. Dusar wani mai aladu ya zo ya kwashe.

Nan muka raba gari da Goggo. Ita tana son a bar ruwan ya kwana ya yi tsami kafin a sake dafawa, don a wajenta giyar da ba tsami ba giya ba ce. Ni tsamin nake gudu. Ta ɗebi lita 8 nata. Nawa 18 na ɗora a wuta nan take, awa uku da rabi yana ƙonewa, har ya koma lita 10 da rabi, launinsa kamar zuma mai duhu. Na sa tukunyar cikin baho mai ruwan sanyi, na auna da ya huce: 1.068. Bai kai abin da na so ba, amma itace ya ƙare, ni ma haka.

Na wanke jarka da tafasasshen ruwa, na juye, na sa yis na naira 300, na huda murfin na cusa tiyo na liƙe da kyandir, ɗaya bakin cikin kwalbar ruwa. Ƙarfe sha ɗaya na dare na kwanta.

Lahadi, 8 ga Disamba

Kwalba na ɓulɓul tun asuba. Goggo ta dafa nata, ta aiki yaro wajen wata mai burkutu a bayan layi ya karɓo gindin tsohuwar giya, ta zuba.

Talata, 10 ga Disamba

Ta Goggo ta nuna, tana kumfa tana tsuwa a ƙwarya. Tsoffi uku daga cocin Katolika na unguwa suka zo gaishe ta, ba su tashi ba sai da tulun ya ga ƙasa. Na sha rabin ƙwarya. Gaskiya tsamin yana riƙe zaƙin, ba ya barin ta ta gundure ka. Ban faɗa mata ba.

Alhamis, 12 ga Disamba

Tawa ta tsaya cik. Tun jiya ba kumfa ko ɗaya. Na auna, 1.034, da sauran rabin tafiya. Na fara zargin yis ɗin burodi, sai na bar ma'aunin zafi a ɗakin ajiya ya kwana. Da asuba 11. Yis bai mutu ba, sanyi ne ya kwantar da shi. Na ɗauko jarkar zuwa kicin, kusa da inda ake girki, na girgiza ta a hankali don abin da ya kwanta ya taso, na jingina mata gorar ruwan zafi biyu, na lulluɓe da bargon da ya riga ya zama na giya. Uwargida ta ce saura in saya mata hular sanyi.

Juma'a, 13 ga Disamba

Ta farfaɗo, a hankali. Ina canza ruwan gora safe da dare.

Lahadi, 15 ga Disamba

1.022. Na cire kofi ɗaya na gwada ɗaci. Turawa da furen hof suke kashe zaƙi, mu ba mu da shi, amma masu bincike a jami'o'inmu sun gwada shuwaka da namijin goro a madadinsa. Na tafasa ganyen shuwaka biyar a ɗan ruwa na ɗiga cokali biyu. Ya zama maganin shawara. Gara da kofi ɗaya na gwada. Goggo ta koma gida yau, an ba ta tabarau.

Alhamis, 19 ga Disamba

1.018 yau, 1.018 shekaranjiya. Ta gama. Lissafi ya ba da kashi 6 da rabi da ɗan ɗoriya. Sukarin da ya rage irin wanda yis ba ya iya ci ne, tsiron dawa ba shi da yawan sinadarin da ke yanka sitaci ƙanana-ƙanana kamar na sha'ir.

Asabar, 21 ga Disamba

Na tsiyaye da tiyo, na bar gindin. Lita 9 cikin gorunan lemo na roba, 18 masu rabin lita. Na ƙi kwalbar gilashi da gangan. Ba ta yi garau ba, amma ana ganin inuwar yatsa ta bayan kofi.

Talata, 24 ga Disamba

Goruna huɗun ƙarshe, waɗanda ɗan gindi ya bi, na same su sun yi tauri kamar dutse, gindinsu ya turo waje har ba sa tsayuwa. A kan kanta kusa da murhu na jera su, ɗumin girkin Kirsimeti ya tashe su. Maimakon in kai waje, sai na murɗa murfin ɗaya a nan kicin. Ta yi tsiri har silin, ta sauko a kan cincin ɗin da uwargida ta kwana tana soyawa. Ba zan rubuta abin da aka faɗa mini ba. Da gilashi ne da yanzu muna asibiti. Sauran na sassauta murafensu a tsakar gida, iska ta fita, na mayar da su ɗakin ajiya mai sanyi. Wato ba ta gama ba ke nan lokacin da na ce ta gama, sanyi ne ya sake rufe mata baki.

Juma'a, 27 ga Disamba

An sha goma ranar Kirsimeti da washegari, mu biyar. Tana da nauyi a baki, ƙamshin hayaƙi da ɗan ƙauri, zaƙin ya ɗan yi yawa. Kawu ya ce gora ɗaya ta ishe shi, wanda a bakinsa yabo ne. Na auna ɗaya daga cikin waɗanda suka kumbura, 1.014, wato ta kai kashi 7. Kwana ashirin da dahuwa, ba alamar tsami. Bakwai sun rage, zan riƙa buɗe ɗaya kowane sati in ga ranar da za ta juya.

Kuɗin da na kashe duka naira 46,000. Daga ciki 16,000 kayan aiki ne da za su zauna, 9,000 itace, 18,700 dawa har da wadda na binne.

Zagaye na gaba sai Fabrairu, in sanyi ya sassauta. Zan gwada kaura a maimakon jar dawa, kilo 10, da gwajin ƙwaya ɗari kafin in biya. Ruwan dama lita 18 kawai don in rage ƙona itace, kuma in kwashe ruwan sama sau biyu. Zan bar kashi ɗaya cikin huɗu ya kwana ya yi tsami irin na Goggo, in dafa shi tare da sauran. Ina bukatar tukunya tawa, ta biki an karɓe. Na tambayi maƙerin bakin kasuwa, ya ce in koma bayan sabuwar shekara.